Kuɗin aika kaya masu girma zuwa waje ya ninka kuɗin kayan: ina mafita ga mai sana'ar hannu a Tawa?

Badukun Adar, Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da manya da ƙanana na wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe suna hulɗar ciniki da ƙasashen waje, domin shawararsu nake nema a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai.

Sana'ata dukanci ce, gadonta na yi, kuma a nan Tawa nake yin ta tare da yarana. Muna ɗinka takalma da jakunkuna da tumtum na fatar akuya da ta tunkiya wadda aka jeme da bagaruwa, sa'annan ina karɓar adudu da faifai daga hannun matan ƙauyukan da ke kewaye da mu, da turame da kujeru daga wajen masassaƙa, in sa hotunansu a Facebook da WhatsApp. Ƙananan kaya ba sa ba ni wahala. Idan takalma ne ko jaka, sai in naɗe in ba motar fasinja ta kai Yamai, a can ɗan'uwana ya kai gidan waya ko ya damƙa wa matafiyi, mai saye kuma ya biya kuɗin aike ba tare da gunaguni ba. Matsalar tana tasowa ne idan kayan suna da girma.

A kwanakin nan wata baiwar Allah da ke zaune a Faransa, wadda ta taɓa yin aiki a ƙasar nan, ta ga hotunan ta nemi tumtum huɗu da adudu biyu manya da turmi da taɓaryarsa. Muka daidaita a kan farashin kayan cikin mutunci. Da ɗan'uwana ya kai awonsu wajen wani kamfanin aika saƙon gaggawa a Yamai, kuɗin da aka yanka masa ya ninka kuɗin kayan kansu, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne nauyin da aka rubuta a takarda bai yi kusa da wanda na gani a sikelina ba. Tumtum ɗaya cike da audugar rimi bai kai kilo 5 ba, amma aka lissafa shi sama da kilo 17. Da na faɗa wa matar jimillar kuɗin, sai ta ce in ba ta lokaci ta yi shawara, kuma ina fargabar cinikin ya kuɓuce ke nan.

Abin da nake son sani shi ne dalilin wannan lissafi, da kuma ko akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ga mutumin da ba shi da jarin cika kwantena. Ina kuma son a faɗa mini wanda ya kamata ya ɗauki kuɗin aike da na duwan, wato kwastan, a irin wannan ciniki, ni ko mai saye. Ba don kaina kawai nake tambaya ba, domin matan da suka saƙa adudun nan suna jiran kuɗinsu, kuma irin wannan mai saye na waje shi ne yake biyan aikinsu farashin da kasuwar gida ba ta iya biya.

Mai Fiton Kaya, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam Baduku, Allah ya sa wa sana'a albarka. Aikina fiton kaya ne a filin jirgin sama na Diori Hamani, kuma zan fara da kwantar maka da hankali cewa ba a cuce ka a awo ba. Idan kayan da jirgi ya ɗauka irin naka ne, rumbunsa yakan cika tun bai yi nauyi ba, shi ya sa masu jigila suke sayar da wuri kafin su sayar da kilo. Suna auna tsawon kwali da faɗinsa da zurfinsa da santimita, su ninka ukun da juna, su raba da wani adadi da suka tsayar, abin da ya fito shi ne nauyin girma. Daga nan sai su gwada shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa a cikin biyun shi za a biya. Kamfanonin gaggawa irin su DHL da FedEx da UPS da 5,000 suke rabawa, jiragen da ke ɗaukar kaya bisa ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuwa da 6,000. Ma'ana mita kubik ɗaya, ko da babu komai a cikinsa sai iska, kilo 200 ne a wajen na farko, kusan kilo 167 a wajen na biyu.

Ɗauki tumtum ɗinka. Abu mai da'ira ba a auna shi da da'irarsa, kwalin da zai iya rufe shi ake aunawa, har da kusurwoyin da babu komai a ciki. Idan kwalin yana da santimita 50 da 50 da 35, jimillar ta zama 87,500, a raba da 5,000 a samu kilo 17 da rabi, wato abin da aka rubuta wa ɗan'uwanka ke nan. Huɗu sun tashi kilo 70. To amma abin da matar nan take so shi ne fatar da ɗinkin da zanen da ke jiki, audugar rimi kuwa ita ce ta cinye wurin. Idan ka zazzage audugar, ka ninke fatun huɗu ka jera su a kwali mai santimita 40 da 40 da 25, lissafin ya dawo kilo 8, ko abin da sikeli ya nuna idan ya ɗara haka. Daga kilo 70 zuwa kusan kilo 8 ba ragin ciniki ba ne, sauya halin kayan ne gaba ɗaya, kuma babu kamfanin da zai yi maka rangwamen da ya kai wannan komai daɗewarka da shi.

Turmin ma yana da nasa tarkon. Mutane da yawa sukan tsayar da taɓarya a cikin turmi su naɗe su tare, suna ganin ƙunshi ɗaya ya fi biyu araha. Idan turmin yana shiga kwali mai 40 da 40 da 60, kilo 19 ne da ɗan kai. Da zarar taɓarya mai santimita 130 ta tsaya a ciki, kwalin ya zama 40 da 40 da 130, lissafi ya haura kilo 41. Ita kaɗai a nata siririn ƙunshi mai 12 da 12 da 130 ba ta kai kilo 4 ba, saboda haka raba su ya kusa rage rabin kuɗin. Sai dai ka tambaya tukuna ko tsawonta ya shiga cikin abin da suke ɗora wa ƙarin caji, domin kamfanonin gaggawa suna da kuɗi na dabam a kan ƙunshin da gefensa ɗaya ya yi tsawo da yawa. Cikin turmin kuwa kada ka bar shi haka nan, ka cusa takalma ko ƙananan jakunkuna, tunda an riga an biya kuɗin wurin. Adudu biyu masu girma ɗaya su ne mafi muni, domin ba sa shiga juna. Da matan suna saƙa su babba da matsakaici da ƙarami, da uku za su tafi a kuɗin ɗaya.

Game da hanya, ta sama kashi uku ce. Kamfanin gaggawa shi ne mafi tsada, amma yana kai kaya har ƙofar mai saye kuma shi yake yin takardun duwan. Gidan waya yana da iyaka bisa tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya: ƙaramin ƙunshi ba ya wuce kilo 2, babba kuma yawanci kilo 20 ne ko 30 iyakarsa gwargwadon ƙasa, gefensa mafi tsawo kada ya wuce mita 1 da rabi, tsawo haɗe da kewaye kada su wuce mita 3, wasu ƙasashen ma ƙasa da haka suke karɓa. Amfaninsa shi ne gidajen waya da yawa nauyin sikeli suke bi muddin ƙunshin bai ƙetare iyakar ba, don haka ya kamata ɗan'uwanka ya kai awon kwalayen ofishin Niger Poste ya ji nasu farashin kafin ku yanke shawara. Ta uku ita ce ba jirgin fasinja kayan a matsayin kago, daga filin jirgi zuwa filin jirgi. A nan kuɗin kilo yana sauka yayin da nauyi yake ƙaruwa, matakan da aka saba su ne kilo 45 da 100 da 300, amma akwai mafi ƙarancin kuɗin da dole a biya, da kuɗin takardar jigila, sa'annan mai saye ne zai je ya fitar da kayansa a can. Ka kuma sani cewa tun da Air France ta dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan 2023, kayan Turai ta Istanbul ko Kasablanka ko Adis Ababa suke zagayawa, kuma wasu jiragen da ke sauka a nan ƙanana ne, ƙofar rumbunsu ba ta karɓar dogon akwati.

Hajiya ta Wadata, Yamai

Sannu da ƙoƙari, Malam Baduku. Ina da rumfa a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, kuma abin da Alhaji mai fiton kaya ya faɗa game da zazzage tumtum gaskiya ne, haka muke yi. Abin da zan ƙara shi ne ka sa masa zif mai ƙarfi a ƙasa maimakon ɗinkin rufewa, ka kuma ɗauki ɗan gajeren bidiyo a wayarka kana nuna yadda ake cusa shi da tsofaffin tufafi ko tsumma har ya tsaya da kyau, ana fara cika gefe kafin tsakiya. Turawa ba sa ƙin wannan, da yawansu ma sun saba sayen tumtum na Maroko a haka.

Inda na bambanta da Alhaji shi ne turmi. A ganina turmi ɗaya ba kayan jirgin sama ba ne ko yaya aka naɗe shi, domin nauyinsa na gaskiya ne, ba a zazzage shi, kuma kuɗinsa a kasuwa kaɗan ne. Kaya masu nauyi da araha hanyarsu ruwa ce. A jirgin ruwa da mita kubik ake lissafi, ko da tan idan nauyin ya rinjaya, kuma kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan mita kubik 33, mai ƙafa 40 kuwa kusan 67. Ba sai ka cika ta kai kaɗai ba, akwai haɗaka, abin da ƴan kasuwa ke kira gurufaj, inda kowa yake biyan wurin da kayansa suka ci, sai dai yawanci ba a lissafa ƙasa da mita kubik ɗaya. Wurin da ya zama kilo 200 a takardar kamfanin gaggawa, a ruwa mita ɗaya ne kacal.

Ba zan ɓoye maka wahalarta ba. Ƙasarmu ba ta da teku, kuma hanyar da muka saba, ta Gaya da Malanbil zuwa Kwatano, mai nisan kilomita dubu da ɗan kai daga Yamai, ta toshe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kaya da yawa suka koma tashar Lome ta cikin Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo kuma manyan motoci suke jiran rakiyar sojoji kafin su tashi a jere. Saboda haka wanda zai bi ruwa ya ƙidaya watanni, kada ya yi wa mai saye alkawarin rana. Abu ɗaya da yake taimakonmu shi ne kayan da ke shigowa ƙasar nan sun fi waɗanda ke fita a kwantena yawa, motoci da dama suna komawa bakin ruwa ba lodi, don haka mai fitar da kaya yana da bakin yin ciniki da direba.

Akwai kuma laima. Fatar da ta bushe a iskar Tawa idan ta yi makonni a cikin kwantena a bakin teku tana iya yin fumfuna, ta fito da farin tabo da wari, adudu ma haka. Ka tabbata komai ya bushe sarai, ka naɗe fata da takarda maimakon ka shaƙe ta a leda, ka zuba ƙananan jakunkunan nan masu tsotse laima a kowane kwali.

Shawarata ita ce ku haɗu, kai da dukawa da masassaƙan Tawa da kuke da masu saye a waje, ku tara kaya ku aika gaba ɗaya ga wani amintacce a can, shi kuma ya riƙa rarrabawa ta gidan wayar ƙasar, wanda kuɗinsa ba ya kama ƙafar na ƙetare. A taron SAFEM, wato baje kolin sana'o'in hannu na mata, na ga mata da yawa suna da kaya masu kyau da masu so, abin da ya hana su gaba shi ne kowace tana aikawa ita kaɗai.

Ɗan Adar a Liyon

Gaisuwa ga Malam Baduku da Alhaji da Hajiya. Ni mutumin Adar ne da ke zaune a Faransa, kuma zan yi magana a matsayin wanda kaya ke iskewa, domin akwai kuɗin da ku a gida ba kwa gani, alhali su ne suke ɓata ran mai saye fiye da kuɗin jirgi.

Tun daga 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke sassaucin da take yi wa ƙananan kaya, yanzu duk abin da aka sayo daga waje ana biyan harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, a kansa, a Faransa kashi 20 cikin ɗari. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafa shi ba, har da kuɗin aike. Wato duk jikkar da aka ɓata a kan jigilar audugar rimi, sai an sake biyan kashi ɗaya cikin biyar ɗinta a nan. Bayan haka kamfanin da ya kawo kayan yana karɓar ladan takardun duwan da ya yi. Idan ba a gargaɗi mai saye tun farko ba, yakan ga kamar an yaudare shi, wani ma ya ƙi karɓar kayan, su zauna ana lissafa kuɗin ajiya ko a mayar da su a kan kuɗin mai aikawa.

Labari mai daɗi shi ne kayan da aka yi a Nijar suna iya shiga Turai ba tare da kuɗin fito ba, domin ƙasarmu tana cikin tsarin da ya yafe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fito a kan komai ban da makamai. Idan darajar kayan ba ta wuce yuro 6,000 ba, bayanin asalin kaya da mai fitarwa ya rubuta a jikin takardar ciniki, da lafazin da dokar ta tsara, ya wadatar. TVA dai ba ta faɗuwa. Ga mai saye na Amurka kuwa abin ya sauya: an cire Nijar daga AGOA, tsarin Amurka na yafe fito ga kayan ƙasashen Afirka, tun farkon 2024, kuma a ranar 29 ga Agustan 2025 aka dakatar da yafewar da ake yi wa kayan da ba su kai dala 800 ba. Duk wanda yake lissafi da tsohon yayi zai sha mamaki.

Ina roƙonka, Malam, kada ka rage farashi a takarda ko ka rubuta cewa kyauta ce alhali ciniki ne, ko da mai saye ne ya nema. Ƴan duwan suna iya riƙe kayan su nemi shaidar biyan kuɗi, kuma idan kwalin ya ɓata, ba za a biya ka fiye da abin da ka rubuta ba. Ka rubuta abin da ke ciki dalla-dalla: fatar akuya ce, sabon aikin hannu ne, icen turmin kaza ne. Ka kuma kiyayi yi wa tumtum ado da fatar mesa ko guza ko kada ko jimina, domin suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai tsare cinikin namun daji, ba sa wucewa ba tare da izini ba, jiminar Nijar ma tana cikin rukunin da ya fi tsanani.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, shawararki ta haɗaka tana da kyau amma ina da gyara ɗaya. Arahar jirgin ruwa tana ƙarewa ne a bakin tasha. A Marsey ta Faransa ko wata tashar akwai kuɗin sauke kwantena da na warware ta da na mai fito da na motar da za ta kawo kayan gida, kuma waɗannan ba sa raguwa sosai don kayan kaɗan ne, shi ya sa mita kubik ɗaya ko biyu kan iya tashi kusa da kuɗin kago na jirgin sama. Sa'annan wanda zai karɓi kaya da yawa ya riƙa sayarwa a nan ya zama ɗan kasuwa a idon hukuma, sai ya yi rajista ya biya haraji. Ba nauyin da za a ɗora wa ɗalibi ko ɗan'uwa mai neman takardun zama ba ne. Ga tumtum huɗu da aka zazzage, matafiyi amintacce ma ya isa, tunda jakar fasinja kilo 23 ce kuma jimillar tsawo da faɗi da zurfinta santimita 158, muddin an ba shi takardar ciniki kuma ya ga abin da ya ɗauka da idonsa.

Badukun Adar, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na auna fatun bayan zazzage audugar, kuma lissafin Alhaji ya fito daidai. Sauran tambayoyi biyu gare ni. Na farko, na yi niyyar sa kafinta ya haɗa wa turmin akwatin katako don kada ya tsage a hanya, ko akwai laifi a hakan? Na biyu, wasu suna ba ni shawarar in haɗa kuɗin aike a cikin farashin kaya in rubuta cewa aike kyauta ne, wai masu saye sun fi son haka. Ni kuwa ina tsoron in faɗi farashi yau, gobe kuɗin jirgi ya tashi, kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu.

Mai Fiton Kaya, Yamai

Malam, akwatin katako yana da laifi idan na ɗanyen katako ne. Akwai ƙa'idar duniya mai suna ISPM 15 da ta wajabta a gasa katakon da aka naɗe kaya da shi har zafi ya kai digiri 56 a tsakiyarsa na tsawon minti 30, ko a turara shi da magani, sa'annan a buga masa hatimi, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikin ice. Turai da Amurka suna aiki da ita, kuma akwatin da ba shi da hatimi ana iya riƙe shi ko a lalata shi. Falawud da sauran katakon da aka sarrafa da zafi da gam ba sa cikin wannan doka, don haka idan dole sai akwati, kafinta ya yi shi duka da falawud, har sandunan ƙarfafawa. Amma turmi ba ya buƙatarsa, kwali mai ninki biyu da tsumma a baki da gindi ya isa, kuma akwati yana ƙara santimita a kowane gefe, kowace santimita kuwa kuɗi ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne icen ya bushe sosai, ba ɓawo a jikinsa, ba ramin ƙwaro ko garin gara.

Batun aike kyauta kuwa ban goyi baya ba ga kaya masu girma. Yana yi wa mai sayar da zobe ko ƙaramar jaka, wanda kuɗin aikensa kusan ɗaya ne ko ina kayan za su. Naka ya danganta da ƙasa, har ma da garin, tunda kamfanonin gaggawa suna ƙara kuɗi idan adireshin yana nesa da manyan birane, kuma ƙarin da suke yi na kuɗin mai yana sauyawa a kai a kai. Abin da mai saye yake so ba kyauta ba ce, yana son ya san jimilla kafin ya biya. Saboda haka ka zaɓi girman kwali biyu ko uku da za ka riƙa aiki da su kullum, ka san tumtum nawa ke shiga kowane, ka karɓi farashinsu zuwa ƙasashen da ka fi samun ciniki, ka riƙa sabuntawa. Kada ka manta da kuɗin motar Tawa zuwa Yamai, kilomita kusan 550, da na kwali da salatif da na ɗan'uwanka da ke zirga-zirga, domin waɗannan ne masu sana'a suke mantawa su ci daga ribarsu. Lissafin yuro ba shi da wahala tunda a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957, dala ce take hawa da sauka.

Wanda zai biya duwan kuma a rubuce ake fayyace shi. A ƙa'idojin ciniki na Incoterms, DAP na nufin kai ka biya jigila har ƙofarsa, shi ya biya haraji da fito na ƙasarsa, DDP kuwa komai a wuyanka. Ga mutum irinka DAP ya fi, domin ba kai ke da iko da harajin wata ƙasa ba. Ka sa inshora bisa darajar gaskiya, ka ɗauki hoton kayan a buɗe da a rufe da kuma a kan sikeli da awo a jiki, kuma kada kwali ya bar Tawa sai kuɗin kaya da na aike sun shigo hannunka.

Ita matar, ka rubuta mata yau kada ka jira ta dawo. Ka ba ta farashi biyu a rabe: na tumtum huɗu ba cushe tare da bidiyon da Hajiya ta ambata, da na turmi da taɓarya a ƙunshi biyu ta gidan waya, kowane da kuɗin kaya dabam, kuɗin aike dabam, da layi ɗaya da ke cewa TVA da ladan takardu a can za ta biya, da ranar da farashin zai daina aiki. Adudun kuma ka tambaye ta ko za ta karɓi babba da ƙarami maimakon biyu masu girma ɗaya. Idan ka turo mini awon kwalayen bayan ka rufe su, zan duba maka ko kago ya fi gidan waya a wannan nauyin.